Idan Aikin Maigida Ya Tsaya

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyar da tsuntsu a sama da kifi a cikin ruwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Bayan haka, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata jarrabawa da ba a cika yin wa'azi a kanta ba, alhali ta shiga gidaje da yawa a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Ita ce maigida ya fita da safe yana da aiki, ya dawo da yamma babu. Muna yawan jin nasiha a kan haƙurin mutuwa da na ciwo da na kishiya, amma haƙurin yankewar albashi sai a bar mace ta koye shi ita kaɗai a cikin ɗakinta, saboda abu ne da ake jin nauyin faɗa.

Abin kuwa ba sabo ba ne. Manyanmu suna tuna ƙarshen shekarar 2005, lokacin da aka haɗe bankuna daga 89 suka koma 25, ma'aikata da yawa suka dawo gida. A 2006 da 2007 gwamnatin tarayya ta rage ma'aikata da sunan gyaran aiki, abin ya fi faɗa wa ƙanana, irin su direbobi da masinjoji da masu shara. Masaƙun Kaduna ma a waɗannan shekaru suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa kamfanin wutar lantarki ga 'yan kasuwa, aka sallami ma'aikata dubbai. Wanda ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne na N-Power: a tsakiyar 2020 aka sallami rukuni na farko da na biyu, matasa kimanin dubu 500 a faɗin ƙasa, kowa yana karɓar naira dubu 30 a wata. Da yawansu a firamare suke koyarwa, wasu kuma a kan wannan dubu 30 ɗin suka yi aure har suka haihu. Sai kuma farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun hukumar USAID, ayyukan lafiya da na ilimi suka tsaya cik, maza da mata masu aiki da ƙungiyoyin agaji suka zauna. Ban da waɗannan akwai na kullum da ba a bugawa a jarida: an yi tantancewa suna ya faɗi daga takardar albashi, an canja gwamnati muƙami ya tafi, mai mota ya karɓe makulli daga hannun direba, mai shago ya sallami yaronsa. Manomin da rashin tsaro ya hana shi zuwa gonarsa ta daji, shi ma ai aiki ya rasa, ko da ba a ba shi takarda ba.

Farkon abin da mumina za ta gyara shi ne zuciyarta. Albashi sababi ne kawai. Wanda yake bayarwa Allah ne, kuma a Suratu Hudu aya ta 6 Ya sanar da mu cewa Shi ya ɗauki nauyin abincin kowace halitta da ke motsi a bayan ƙasa. A Suratul Baƙara kuwa, daga aya ta 155 zuwa 157, Ya jero irin abubuwan da zai jarraba bayinsa da su, har da tawayar dukiya, sannan Ya yi bushara ga masu haƙuri da yin istirja'i idan abin ya same su. Mu a nan mun mayar da istirja'i kamar na mutuwa ne kaɗai. A'a, duk abin da ya kuɓuce wa mumini na daga abin da yake so, wurin istirja'i ne. Ummu Salama (RA) ta yi shi tare da addu'ar da aka koya mata ta neman lada da musanya mafi alheri a lokacin da mijinta ya rasu, tana ganin babu wanda zai kai Abu Salama, sai Allah Ya musanya mata da Manzon Allah (SAW) kansa. To wanda ya yi wannan musanya, aikin ƙaramar hukuma ne zai gagare shi?

Sai dai ki sani 'yar uwa, kalmar da za ta fara fita daga bakinki a ranar tana da nauyi ƙwarai. Namiji idan ya rasa aiki, ba kuɗi kaɗai ya rasa ba. Ya rasa wurin zuwa da safe, ya rasa abokan hira, yana ganin kamar girmansa ya zube a gaban iyalinsa da ƙannensa. Idan ya shigo ya faɗa miki, kika tare shi da "Mi ka yi musu?" ko "To yanzu mi za mu ci?", kin ɗora masa kaya a kan kaya. Tambayoyin nan suna da lokacinsu, amma ba a ƙofar ɗaki ba. Ki tuna Nana Khadija (RA) ranar da Manzon Allah (SAW) ya dawo daga kogon Hira jikinsa yana rawa. Ba ta tsare shi da tambaya ba. Lulluɓe shi ta yi har ya natsu, sannan ta shiga lissafa masa kyawawan halayensa, ta ƙarfafa masa zuciya cewa mai irin waɗannan halaye Allah ba zai wulaƙanta shi ba. Bayan haka kuma ba ta zauna ba, ta kai shi wurin ɗan uwanta Waraƙa ɗan Naufal, wanda yake da sanin abin. Wato ta fara da kwantar da hankali, ta bi da neman wanda ya sani. A nan ne kuma ake gudun abin da hadisi ya tsoratar da mu mata a kai, na butulce wa miji, a yi shekaru ana cin alherinsa, ranar da aka ga gazawa ɗaya a ce ba a taɓa ganin komai ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauko wannan darasi. A iya abin da nake gani a ajin matan aure, rashin aikin kansa bai cika rusa gida ba. Abin da yake rusa gida shi ne watannin da ake ɗauka ana yin kamar ba abin da ya faru. Muna kiran wannan rufin asiri, amma ba shi ba ne. Rufin asiri shi ne kada ki fita unguwa kina tallar halin da mijinki yake ciki, kada ki mayar da shi abin hira a gidan suna ko a waya da ƙawaye. Wannan wajibi ne a kanki. Amma ci gaba da rayuwar mai albashi alhali babu albashi, wannan ƙaryar arziki ce, kuma bashi ne yake biyan kuɗinta.

Ga yadda abin yake tafiya. Wata na farko a ci ragowar albashi. Wata na biyu a fara karɓar shinkafa da mai a shago, ana cewa sai an yi albashi, mai shago bai san an daina yi ba. Biki ya taso, uwargida ta ce ba za a ga bayanta ba, ta karɓi anko bashi, ta kai gudummawa irin ta da. Zubin adashe ya zo a ranto a zuba. Sallah ta zo a ɗinka wa yara kala biyu kamar kullum don kada maƙwabta su gane. Wani maigidan ma ita kanta matar yake ɓoye wa, kullum ya sa kaya ya hau babur ya tafi ya wuni a tasha ko gindin bishiya, ya dawo da yamma kamar daga ofis. Kafin wata shida an sayar da babur, an jinginar da gona, masu bin bashi sun fara sallama a ƙofar gida da asuba. Asirin da aka ci bashi don a rufe shi ya tonu, kuma tonuwar ta fi ta farko muni, don yanzu har da sunan rashin gaskiya. Wanda ya karɓi kayan mutum a kan alkawarin albashin da ya san babu, ya yaudare shi, ko da yana da niyyar biya.

Mafi muni shi ne idan aka faɗa bashin ruwa. Yanzu ba sai an je wurin kowa ba, a cikin waya ake samun masu ba da rance nan take, su ɗora riba mai nauyi cikin 'yan kwanaki, idan aka kasa biya su bi lambobin da ke cikin wayar suna aika wa dangi da surukai saƙon cin mutunci. Riba haramun ce ko a waya ko a hannu, mai ci da mai bayarwa da mai rubutawa da shaidu duk hadisi ya haɗa su. Idan kika ga maigida ya doshi wannan hanya ki hana shi da duk hikimar da Allah Ya ba ki, ke ma kada ki karɓa a ɓoye da sunan taimako.

Maganin abin shi ne a zauna a yi lissafi tun makon farko. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan sallar isha'i, yara sun kwanta, ku ɗauko takarda da biro. Buhu nawa ne a rumbu, gero ne ko dawa, kuma tiya nawa gidan yake ci a rana? Nawa ake bin ku, nawa kuke bi? Awaki da tumaki nawa ne, na wa da na wa? Yaushe kuɗin haya zai ƙare, yaushe za a koma makaranta? Wasu matan suna ganin irin wannan ƙidaya kamar rashin tawakkali ne. To Annabi Yusufu (AS) ya fi mu tawakkali, amma lissafi ya yi wa mutanen Masar: shekara bakwai a noma a adana hatsi a zangarniyarsa a ci kaɗan, don shekara bakwai na fari da ke tafe. Idan lissafi ya nuna hatsin gida zai kai wata huɗu, kun san kuna da wata huɗu na neman mafita, hankali zai fi kwanciya a kan zaman da ba a san iyakarsa ba. Daga nan sai a jera buƙatu. Abinci da magani su ne gaba, sai karatun yara da wurin kwana. Anko da ƙarin kayan ɗaki da katin waya na hira su jira. Idan makarantar kuɗi ta gagara, a je a sami shugaban makarantar a yi masa bayani, in bai yiwu ba a mayar da yaro ta gwamnati, ya fi a bar shi a gida ana jiran ranar da aiki zai dawo.

Masu bin bashi kuwa, a je musu kafin su zo. Maigida ya sami mai shago ya gaya masa gaskiya, a tsayar da adadin, a rubuta, a sa lokacin da za a iya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma kafin ta da kaɗan, a aya ta 280, an umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu. Amma ta yaya zai saurara wa wanda bai gaya masa yana cikin ƙunci ba? Ke ma ki sami uwar adashe ki faɗa mata. Idan ba ki kwasa ba a nemi wadda za ta maye gurbinki ko a rage miki hannu. Idan kin riga kin kwasa, wannan bashin mata 'yan uwanki ne, yana cikin na farko da za a biya.

Akwai kuma haƙƙoƙi a wurin aikin da aka bari, waɗanda baƙin ciki da zuciya suke sa a yi watsi da su. Namiji yakan ce shi ba zai sake taka wurin ba. Ke za ki lallashe shi, domin haƙƙin 'ya'yanku ne. Ki tattara masa takardunsa wuri ɗaya cikin leda: takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ta sallama, da takardun albashi na ƙarshe. Idan da baki aka sallame shi ya nemi a rubuta masa, don kusan duk abin da zai nema nan gaba sai an tambayi wannan takarda. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce ƙaramin ma'aikacin da ya yi wata 3 zuwa shekara 2 sai an ba shi sanarwar mako ɗaya, wanda ya yi shekara 2 zuwa 5 mako biyu, wanda ya kai shekara 5 ko fiye wata ɗaya, ko kuma a biya shi kuɗin wannan lokaci, sai fa idan a kan babban laifi aka kore shi. Manyan ma'aikata kuma abin da ke cikin takardar ɗaukarsu ake bi. Wanda yake da asusun fansho irin na tsarin da hukumar PenCom take kula da shi, kamar ma'aikatan tarayya da na bankuna da kamfanoni, dokar fansho ta 2014 ta ba shi dama idan bai kai shekara 50 ba, kuma ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, ya karɓi har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Mutane da yawa ba su san wannan ba. Idan kuma yana ganin zalunci aka yi masa, ya fara da ƙungiyarsu ta ma'aikata. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a Sakkwato kuma ba a biyan ko sisi, sai dai ba ta karɓar kukan da ya wuce wata 12. Akwai kuma Kotun Ma'aikata. Neman haƙƙi ta hanyarsa bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba.

Mutum biyu ne suke jin ƙanshin gidan da aiki ya tsaya. Na farko mai sayar da aiki, wanda zai ce a kawo dubu ɗari kaza yana da hanya a Abuja. A sayar da saniya a ba shi, ya kawo takardar bogi ko ya kashe waya. Ko da aikin na gaske ne, cin hanci ne aka bayar. Na biyu boka, ko da ya sa rawani. Shi zai ce an yi wa maigida asiri a ofis, ko kishiya ce, ko amarya ce mai farar ƙafa, tunda daga zuwanta abin ya faru. Subhanallahi! Yarinya ta baro gidan iyayenta ta zo zaman aure, a ɗora mata sallamar da aka rattaba wa hannu a wani gari, mutanen da ba su ma san da ita ba. Camfi ne wannan, Musulunci ya kore shi, zuwa wurin boka kuma yana taɓa imani. Idan uwar miji ce ta kawo maganar, a ba ta girmanta a yi mata bayani da ladabi, amma kada a bi ta.

Sai hukuncin ciyarwa, domin a nan ake yawan rikici. Ci da sha da tufafi da wurin zama a kan miji suke, haka ciyar da 'ya'ya a kan uba yake, ko da matar tana da dukiya. Amma gwargwadon hali ne, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta bayyana cewa mai yalwa da wanda aka ƙuntata wa kowa da ma'auninsa. Saboda haka ba ki da ikon tsare shi a kan cefanen da yake yi lokacin da yake da albashi. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaikh Khalil, sun ce idan miji ya shiga halin babu na gaskiya, ciyarwar wannan lokaci ta faɗi daga kansa, ba ta zama bashin da za ki bi shi daga baya ba. Amma abin da kika kashe a kan shi kansa daga dukiyarki, kina iya nema idan ya samu, sai fa in da niyyar kyauta kika yi. Sun kuma ce idan ya kasa ciyarwa gaba ɗaya, mace tana da damar kai ƙara, alƙali ya ba shi lokaci, in ya kasa a raba su, kuma idan ya samu kafin idda ta cika yana iya mayar da ita. Na kawo wannan ne don ki san shari'a ba ta ɗaure ki da yunwa ba, kuma zaman da kika yi da shi a wannan hali alheri ne kika yi wanda Allah zai biya ki. Ba don ki mayar da shi sandar barazana ba. Ni dai a ganina, matar da ta ci daɗi da mutum shekara goma, ta tattara kaya a wata na biyu da tsayawar albashi, ko ba ta saɓa wa hukunci ba ta saɓa wa halacci.

Maza ma a isar musu, tunda na san wasu suna karanta mujallar nan idan an ajiye ta. Dukiyar matarka tata ce, sadakinta da gadonta da awakinta da albashinta. Aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta halatta maka ne abin da ta ba ka da daɗin rai. Kwance mata akuya a kai kasuwa ba da saninta ba ƙwace ne. Kuma rashin aiki bai zama lasisin faɗa da duka da huce haushi a kan yara ba. Mai mata biyu ya ji tsoron Allah, kada ya karkata ga mai sana'a ko mai albashi ya bar ɗaya da 'ya'yanta. Idan kuma matar ce ta rasa aikinta, malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti, to abin da take sawa a tukunya da can taimako ne, yanzu nauyin ya koma inda yake tun asali, kada a yi mata gori.

Ke kuma da Allah Ya hore miki, taimakon miji a irin wannan lokaci yana cikin mafi girman sadaka. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ta aika aka tambayar mata Manzon Allah (SAW) game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ba ta amsa cewa lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka. Zakkar farilla ce malaman mazhabarmu suka yi saɓani a kan ba miji, tsakanin hani da karhanci, saboda za ta dawo miki ta hanyar ciyarwa, amma sadakar ganin dama ƙofarta a buɗe take. Shawarata biyu ce a nan. Idan za ki ba shi abu mai nauyi, kamar ɗan kunnen zinari ko sa, ku faɗa a fili kyauta ce ko rance, in rance ne a rubuta. Ba rashin yarda ba ne, mutuwa ake gudu da rikicin magada. Sannan kadara in za a sayar, a sayar don jari, kada a sayar don cefane. Tunkiyar da aka sayar aka ci ta tafi ke nan, wadda aka sayar aka sayi taki ko irin albasa tana iya dawowa.

Wannan ya kawo mu ga girman kai, wanda shi ne ciwon mai takarda. Wanda ya saba zama a kujera yana jin nauyin a gan shi da fartanya ko a bakin teburin kayan miya. Sai ya shekara biyu yana yawo da fayil, gonar gado tana kwance. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya bar dukiyarsa a Makka ya iso Madina hannu wofi. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya nemi a nuna masa kasuwa kawai, ya fara da ɗan cuku da man shanu, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Hadisi ya fifita wanda ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan mai roƙon mutane. A nan gida ma, an ruwaito Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufkar igiya da hannunsa, mu kuwa da muke zaune a garin da ɗansa Muhammadu Buhari ya kafa ribaɗi ai bai kamata mu raina sana'a ba. Allah Ya ba mu ƙasar noma da fadama, ga albasa ga shinkafa ga kiwo, ga hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa mu. Sau da yawa abin da yake hana namiji sauka shi ne tsoron idon matarsa. Idan ya ga ba ki jin kunyar a ce mijinki yana sayar da hatsi, ya dawo da ƙura kin tare shi da ruwan wanka da fara'a kamar lokacin da yake dawowa daga ofis, zai sauka.

Ke ma ki motsa, ƙuli-ƙuli ne ko daddawa, ɗinki ko turken rago, da izininsa kuma cikin mutunci. Amma don Allah kada 'ya'ya mata su biya kuɗin wannan jarrabawa. A irin wannan lokaci ne ake cire yarinya daga boko da Islamiyya a ɗora mata tire tun safe har dare a tasha, ko a yi sauri a ba da ita ga mai kuɗin da ba a bincika ba don a rage baki. Mu malamai mu muke ganin gurbinsu a aji. Idan kuma shawara ta tsaya a kan maigida ya tafi ci-rani, to a san inda za shi da wanda zai sauka wurinsa, ya bar abin da za a ci, ya wakilta wanda zai riƙa leƙo gidan.

Daga ƙarshe akwai haƙƙin da yake kanmu mu da abin bai taɓa ba a yau. Wanda aikinsa ya tsaya har abin hannunsa ya kasa riƙe shi ya shiga cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, haka wanda bashin halal ya yi wa katutu, kamar yadda aya ta 60 a Suratut Tauba ta jero. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana da kwamitoci a gundumomi, kuma ba abin kunya ba ne a kai mata kuka. Sai dai irin waɗannan gidaje ba sa zuwa layi. Jiya su suke bayarwa, bakinsu ba zai iya roƙo ba, wanda bai sani ba sai ya ɗauka mawadata ne. Saboda haka ina kira ga rassanmu na Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kebbe da Kuchi, kowane reshe ya sami mata biyu ko uku masu riƙon amana, waɗanda 'yar uwa za ta iya gaya wa halin da take ciki maganar ta tsaya nan. A ware wani abu daga asusun reshe don rance marar ruwa na jarin sana'a, a rubuta, a biya kaɗan-kaɗan. Idan za a kai hatsi a kai da dare, ba tare da ɗaukar hoto ba. Mai biki kuma ta daina aika wa irin wannan gida da anko, ta aika da katin gayyata kawai, in ta zo da tsohuwar atamfarta a tarbe ta kamar kowa.

Allah Ya yaye wa duk wanda yake cikin wannan hali, Ya buɗa masa ƙofar halal.